Saura Taƙi Ɗaya na Kebul

Shekara talatin da ɗaya ina wanke wa mutumin nan kaya, kuma ban taɓa tsoma wandonsa a ruwa ba sai na fara zazzage aljihu. Ƙusoshi, guntun salatif, murfin biro, wani lokacin har mataccen gizo-gizo. Mijina ke nan. A gida Baban yara nake ce masa, a waje kuwa kowa Mai Waya yake kiransa. Shi ne mai ja wa ƙananan ofisoshi kebul na intanet, ya kafa musu rauta, akwatin nan mai ƙahonni da 'yan fitilu da ke raba intanet ɗin, ya haɗa kwamfutoci da juna, ya haɗa su da firinta. Idan komai yana tafiya daidai ba mai tunawa da shi. Ranar da abu ya tsaya kuwa wayarsa ba ta hutawa, ni ma kunnena ba ya hutawa.

Ni tela ce. A shagon da na koyi ɗinki muka haɗu, lokacin yana gyaran wayar tarho irin ta da, mai igiya. Gyaran minti goma ya kawo shi, ya share awa biyu yana yi wa mai shagon faɗa a kan yadda aka lanƙwasa waya a bayan ƙofa. Na ce a raina wannan wane irin masifaffe ne? Bayan wata takwas aka ɗaura mana aure, don haka ba ni da bakin magana.

Da wayar tarho ta mutu abokan aikinsa suka watse. Wani ya koma sayar da taya, wani ya kama tuƙi. Shi ya ƙi. Ya nemo littattafai, ya baje a tsakar ɗaki yana fere kebul yana nazarin cikinsa, har ya iya sabon aikin. Ni ban nemi in koya ba, amma wanda yake kwana ɗaki ɗaya da shi dole ya sani. A cikin kowane kebul akwai siraran wayoyi takwas, kowace da launinta. Sai an jera su bi da bi yadda aka tsara, a tura su cikin wani ɗan kai na roba mai haske, bai fi kan ɗan yatsa ba, sannan a matse da filaya. Idan an matse, an matse ke nan. In an yi kuskure sai dai a yanke kan a jefar, a sake fere kebul ɗin a sa sabo, kuma duk yankan da aka yi kebul yana raguwa.

Jerin launukan nan a bakinsa suke kamar waƙa. Yana wanka yana yi, yana aske gemu yana yi: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ƙasa. Babbar 'yarmu ta iya wannan kafin ta iya ƙirga goma, malamarsu har ta aiko tana tambaya ko wani yare muke yi a gida.

Yana da wata ƙa'ida da ba ya karyawa. Duk inda ya ja kebul sai ya bar rarar kamu biyu, ya naɗe ta a cikin bango ko bayan tebur. Masu ba shi aiki su yi ta ƙorafi wai ɓarna ce, shi kuwa ya ce, "Wannan rabon wanda zai zo bayana ne. Wata rana kai zai lalace, in bai sami abin yanka ba ni zai zaga." Duk wanda ya yanke kebul daidai wa daida ba tare da rara ba, a wajensa ba ma'aikaci ba ne, mahauci ne. Mutum ne da ba ya shiga wuri bai ɗaga kai ba. Ranar da na haifi ɗanmu na uku, na buɗe ido na gan shi tsaye a gefen gado yana kallon silin yana girgiza kai. Na ce lafiya? Ya ce, "Dubi yadda suka bi da wayar nan ta kan bututun ruwa." Wallahi da ina da ƙarfi a lokacin da na jefe shi da matashin kai.

Aikin nan kuwa ya ci jikinsa, kada wanda ya ce min aikin zama ne. Cikin silin yake shiga, yana rarrafe a kan katako da rana tsaka, kwano yana gasa shi ta sama, ƙura tana cika masa hanci. Ya dawo fari fat, gwiwoyi a kumbure, in dafa ruwa in gasa masa. Yaran da aka haifa a gabansa su ne yanzu manajoji, su tsaya hannu a aljihu suna cewa, "Baba, yanzu ai ta iska ake komai, me za a yi da waɗannan igiyoyin?" Ya yi musu bayani, su yi dariya, bayan sati su kira shi wai iskar ba ta kai ɗakin baya. 'Ya'yanmu uku, ba wanda ya ɗauki filayar. Ban ga laifinsu ba.

Bara na fara lura da aljihunsa. Da, in na zazzage, bai fi in ga yankakken kai ɗaya ba, shi ma sai an jima. Sai ya zama biyar, ya zama goma, wata rana na cika tafin hannuna da su. Na tambaye shi, ya ce kayan yanzu ne ba su da kyau. Na yarda, don me na sani? Sannan wata rana na ce ya miƙo min shuɗin zare a kan keke, ya miƙo min kore. Na ce, "Baban yara, wannan fa?" Ya ce ni ce ban faɗa da kyau ba. Kwana biyu sai ga shi da tabarau na bakin titi, ya sa a karan hanci yana ta muzurai. Na ce mu je a duba idon nan, ya ce idonsa garau yake, in ji da ɗinkina. Na ji da ɗinkina. Gajiya ce ta sa na yi shiru, kuma har yau ina jin haushin kaina.

To, a haka ya sami aikin wani ƙaramin ofishi na masu zanen gine-gine, a hawa na biyu, ɗaki huɗu. Mai kula da wurin mace ce, sa'ar babbar 'yarmu, Manaja suke ce mata. Tana da ladabi, amma irin mutanen nan ne da agogo yake cikin kansu. Wata biyu kafin nan ya riga ya ja kebul ɗin duka, sannan masu filasta suka zo suka rufe silin, masu fenti suka bi baya. Abin da ya rage shi ne ya sa kawuna, ya kafa rauta, ya gwada. Ya ce mata kwana biyu. Aka yi kwana biyar yana fita da sassafe, yana dawowa ba ya iya ko cin abinci. Washegari kuma za su buɗe, ma'aikata za su tare.

Ranar ta biyar da rana, ina kan keke ina haɗa hannun riga, waya ta yi ƙara.

"Tela, kina da aiki?" Haka yake kirana in yana son wani abu.

"A'a, rawa nake yi. Mene ne?"

Ya ce, "Ki zo ofishin nan. Ki taho da tabaranki."

Shekara talatin da ɗaya bai taɓa kirana wurin aikinsa ba, ko abinci ba ya yarda a kai masa. Na tashi na bar rigar a ƙarƙashin allura, na yafa mayafi na shiga motar haya.

Ofishin yana warin sabon fenti, kujeru duk suna cikin leda, ba kowa sai shi. A ɗakin baya na same shi, zaune a ƙasa a wani lungu bayan kabad, ya miƙe ƙafafu. Yankakkun kawuna sun kewaye shi kamar ɓawon gyaɗa. Daga wani ɗan rami a bango kebul ya leƙo, bai fi taƙi ɗaya ba.

"Ina rarar taka?" na ce.

"Na cinye ta."

Ya yi min bayani bai ɗago ba. Wannan shi ne babban kebul ɗin, wanda ya taso daga rauta a ɗakin gaba zuwa nan, inda tebur shida suke. Bangon kankare ne, iska ba ta ratsa shi. In wannan bai yi aiki ba, mutum shida za su zo gobe su zauna suna kallon juna. Kamu biyu ya bari, ya yi ta matsewa yana gwadawa yana yankewa, har ya koma haka. Abin da ya rage bai wuce gwaji ɗaya ba. Idan ya sake kuskure sai an fasa silin ɗin da aka gama fentinsa kwanan nan, a ja sabo.

"To me ya hana ka jera su daidai? Kai da kake yin su ko cikin barci?"

"Bakina ya san su," ya ce. "Idona ne bai sani ba. Ruwan lemo da ruwan ƙasa sun zama ɗaya. Kore da shuɗi ma haka. Masu ratsin fari kuwa, duk fari nake gani."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Na zauna a kan wani kwali. Faɗa ya taso min, kuma na yi. Na ce haba Baban yara, shekara guda kana caca da aikin mutane? Shekara guda ina tsintar shaida a aljihunka kana ce min kaya ne ba kyau? Ni ce ka mayar sakarya ko? Da na gaji, sai ya nuna sauran ɗakunan da haɓa ya ce, "Duk na samu sun yi, amma sai a gwaji na uku, na huɗu. Ba inda na bar wa kowa komai. Na cinye rabon wanda zai zo bayana." Wannan ce ta fi damunsa, ka ji mutum. Ni ina tunanin idonsa, shi yana tunanin wani ƙato da bai taɓa gani ba.

Na cire mayafi na ɗaure a ƙugu, na sa tabarau, na durƙusa kusa da shi. Gwiwoyina suka yi ƙara, nasa ma suka amsa da ya gyara zama. Na ce, "To, faɗa min abin da zan yi."

Shi ya fere kebul ɗin. Bai ko kalla ba, da yatsa ya auna, ya zagaya da reza sau ɗaya, bawon ya zame, bai ƙwarzani waya ko ɗaya ba. A nan na san hannun bai tsufa ba. Ya warware su, ya miƙar da kowace tsakanin yatsunsa, sannan ya matsa ya ba ni wuri, ya haska min da fitilar wayarsa.

"Fari-lemo."

"Ga ta."

"Lemo."

"Ga ta."

Haka muka bi har takwas. Na zaci abu ne mai sauƙi, ni da nake zura zare a allura tun ina budurwa. Ashe wayoyin nan taurin kai gare su, ka jera uku, ta huɗu ta haye kan ta biyu. Gumi ya riƙa gangaro min a bayan kunne. Ya ce in danne su da babban yatsa kada in sassauta, ya lalubo ya datse bakinsu daidai, ya ɗora min ɗan kan robar a hannu.

"Tura a hankali. In sun kai ƙarshe ki tsaya. Kada ki ce min ya yi. Ki leƙa ta cikin robar, ki karanto min abin da kika gani, ba abin da kike so ki gani ba."

Na tura, na leƙa. "Fari-lemo, lemo, shuɗi..."

"Tsaya!"

Shuɗiyar ta tsallake ta shiga gurbin 'yar'uwarta wajen turawa. Da shi kaɗai ne da ya matse, shi ke nan an gama. Na zare su. Ya ce, "Ba komai, tunda ba a matse ba. Huta." Na ce ban zo hutu ba. Muka sake daga farko, yana faɗa ina jerawa. Na tura, na leƙa, na karanto masa takwas ɗin, ya ce in sake, na sake, ya ce in kuma. A karo na uku na ce, "In ka sake cewa in maimaita, wallahi tafiyata zan yi." Ya ɗauki filaya, ya laluba ya saka kan, ya yi bisimilla, ya matse. Ƙas. Ɗan ƙaramin sauti ne, amma sai da na ji shi har cikina.

Yana da wata 'yar na'ura da yake kira testa, gida biyu ce, ana sa ɗaya a wannan bakin kebul, ɗaya a wancan. Tana da fitilu takwas. In aiki ya yi kyau sai su kama bi da bi, in bai yi ba sai su yi ta tsalle. Ya ce in je ɗakin gaba wajen rauta, rabin yana can a maƙale, in faɗo masa lambar duk fitilar da ta kama. Na je na tsuguna a ƙarƙashin tebur, na ce na shirya.

"Ɗaya!" na ƙwala. "Biyu! Uku! Huɗu!"

Ina cikin haka ƙofa ta buɗe. Manaja ce, da jaka a kafaɗa da makullai a hannu, ta tarar da wata tsohuwa da ba ta taɓa gani ba a ƙarƙashin teburinta tana ihun lissafi. Ban ko kalle ta ba. "Biyar! Shida! Bakwai! Takwas!"

Can daga ɗakin baya sai na ji Baban yara ya yi wata doguwar ajiyar zuciya.

Na fito ina kakkaɓe zani, na gaishe ta, na ce ni ce matar Mai Waya. Ta ce, "Sannu Mama, ai ban san tare kuke aiki ba." Na ce ni ma ban sani ba sai yau.

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba. Ya fito ya jona kebul ɗin a jikin rauta da lalube, ya sa na karanto masa ƙananan lambobin da ke rubuce a ƙarƙashinta, ya ce wa Manaja ta zauna ta shigar da kalmar sirrin da take so da hannunta, wai haka ya fi tsaro. Ni dai na san dalili, na ja bakina. Ta bi tebur shidan nan ɗaya bayan ɗaya tana kunna kwamfuta, kowace ta kama. Ta aika wani zane daga ɗakin baya, firinta ta farka a ɗakin gaba ta fara fitar da takarda. Yarinyar nan har tafi ta yi.

"Baba, ka wahalar da ni kwana biyar, amma na yafe," ta ce tana dariya. "Dama ina son in gaya maka. Wata mai zuwa za mu karɓi hawa na sama, tebur ashirin ne. Na riga na ce ba wanda zai taɓa mana waya sai kai."

Na dube shi. Tebur ashirin, irin aikin da yake shekara bai samu ba. Zuciyata ta rabu biyu, rabi tana cewa ya karɓa, rabi tana cewa ya isa haka. Har na buɗe baki zan ce ba komai, zan riƙa rufe shago in biyo shi, tunda na ga hanya. Ya riga ni.

"Ranki ya daɗe, na gode. A nemi wani."

Dariyar ta tsaya. "Ko mun yi maka wani laifi ne, Baba?"

"Ko kaɗan. Idona ne ya gaza. Aikin yau ma ba ni na gama shi ba, ga wadda ta gama." Ya nuna ni da hannu. "Akwai wani da muka taɓa aiki tare, hannunsa yana da tsabta, zan turo miki shi."

Sai "Allah ya ba da lafiya" take ta maimaitawa. Ni kuwa na juya ina tattara masa kaya cikin jaka, don ba na son ta ga fuskata. Na ji sanyi a raina, kuma na ji kamar an yi min rasuwa, duka a lokaci ɗaya. Bai yarda mun fita ba sai da muka share ɗakin baya tas.

Ya saɓa tsaninsa a kafaɗa, na rataya jakar, muka kama sauka. Yana gaba ina baya. Na ga yana tafiya a hankali, kowane taku sai ya fara shafa bakin matakalar da ƙafa kafin ya sauke nauyinsa. Na ɗauka gwiwa ce. Da muka kusa ƙasa sai ya tsaya cak. Ƙofar titi a buɗe take, hasken la'asar ya shigo ya kwanta a kan farin tayil, ko allura ce ta faɗi a wurin zan gan ta.

"Tela," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Saura nawa?"

Na kalli matakalar, guda uku ne, ga su nan ɓaro-ɓaro a gabansa. Na kalli tsanin da ke kafaɗarsa, wanda ya yi kwana biyar yana hawa yana sauka shi kaɗai a ofishin da ba kowa. Ashe ba launi kaɗai ya tafi ba. Faɗan da na tanada na hanya duk ya zube.

"Uku," na ce.

Na sauko na karɓi tsanin na jingina a bango, na kama hannunsa. Yana da sanyi, kuma ya riƙe ni da ƙarfi. Muka ƙirga su tare har ƙasa.